Zaɓen Tayar Mota: Darasin Fagen Tsere ga Mai Bin Hanyar Rano da Kibiya

Ran nan muna kan hanyarmu daga Kano za mu Kibiya. Mun ratse daga hanyar Zariya a Karfi, mun wuce Bunkure, muna dab da shiga Rano sai ƙusa ta soke mana tayar baya. Muka lallaɓa zuwa gindin wata bishiya inda wani dattijo mai faci ya ke sana'arsa. Muna zaune bisa benci muna jira a gama mana, sai ga wani saurayi, malamin makaranta, ya tsaya da 'yar motarsa. Ya fito da tayoyi huɗu, biyu daga but, biyu daga kujerar baya. Faffaɗa ne ƙwarai, gefensu gajere, zanen da ke bayansu kuwa ɗan kaɗan ne.

Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, so na ke a ɗaura mini waɗannan. Da araha na same su a birni. Mai kayan ya rantse mini na motar tsere ne, daga Turai aka ciro su."

Dattijo ya mirgino ɗaya, ya shafa bayanta da tafin hannu, ya danna ta da farce. Sa'an nan ya ce, "Malam, mai kaya bai yi maka ƙarya ba, na tsere ne. To, amma ina fagen da za ka yi tseren? Ni dai na san a Kibiya ka ke koyarwa, ga kuma damina ta kawo jiki."

Wannan tambaya ta dattijon nan ita ta sa muka ɗauki alƙalami. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, akawu ko malamin makaranta da ya sami keke ya gode, mai babur kuwa sai a nuna shi da yatsa. Yau da yawa cikin masu karatunmu suna da mota, sun kuwa tara kuɗinta da gumin shekaru. Ya kamata su san yadda gwanayen tuƙi na duniya ke zaɓen taya in za su shiga fage, domin dalilan da su ke bi su ne za su nuna mana abin da ya dace da hanyoyinmu.

Mece Ce Ranar Fage?

A ƙasashen Turai da Amurka da Afirka ta Kudu akwai filayen da aka gina musamman don tseren mota, kamar yadda mu ke da filin sukuwa don dawaki. Hanya ce ta kwalta mai laushi wadda ta kewayo ta komo inda ta fara, ba mai tafiya ƙasa, ba dabba, ba motar da za ta taho ta gabanka. Akwai Silbaston a Ingila, tsohon filin jiragen yaƙi, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 ran 13 ga Mayu, 1950. Akwai Nurburgirin a Jamus, wanda aka buɗe a 1927, tsawon babban zagayensa ya ɗara kilomita 20. Akwai kuma Kayalami kusa da Johannasbag, wanda aka buɗe a 1961.

Ba kullum a ke gasa a filayen nan ba. Masu su sukan keɓe waɗansu ranaku su buɗe wa kowa ƙofa. Mutum ya zo da motarsa ta gida, galibi irin ƙananan nan masu kujera biyu da ƙarfin inji, ya biya kuɗi, ya sa hular kwano, a karanta masa dokoki, ya shiga ya gwada iyakar gudunta. Ba na ɗaya, ba na biyu, ba kyauta. Da yamma ta yi ya kama hanyar gida. Wannan ita mu ke kira ranar fage. Duk wanda ya saba da ita kuwa zai gaya maka abin da a ke fara tunani kafin inji shi ne taya.

Dalili a fili ya ke. Komai girman mota da tsadarta, inda ta ke taɓa ƙasa wuri huɗu ne kurum, kowane ɗaya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ƙarfin inji, da kamun birki, da juyin sitiyari, duk ta 'yan wuraren nan huɗu su ke bi su isa ƙasa. In taya ta saki, ba sauran abin da direba zai yi.

Tayoyi Iri Uku

Mai zuwa ranar fage yana da zaɓi uku.

Na farko, tayar titi mai kyau, irin wadda a ke ɗaura wa motoci masu gudu tun daga masana'anta. Tana da cikakken zane, tana aiki a rani da damina, tana daɗewa. Aibinta a fage shi ne in aka matsa mata zagaye bayan zagaye sai ta ɗauki zafi fiye da kima, robarta ta yi laushi, kamunta ya ragu.

Na biyu, mai rabin zane. Ita ce irin wadda malaminmu ya sayo. Robarta mai danƙo ce, kafaɗunta kusan a shafe su ke, zanenta kaɗan ne kuma ba zurfi sosai, gefenta ƙaƙƙarfa. Michelin Pilot Sport Cup 2 da Toyo R888R suna cikin sanannun irin wannan. A busasshiyar kwalta, in ta ɗumama, takan kama ƙasa kamar an liƙa ta. Amma tana cinyewa da sauri, kuma in ruwa ya kwanta a hanya ƙarfinta ya ƙare.

Na uku, shafaffiya, wadda ba ta da zane ko ɗaya. Wannan ta gasa ce zalla, doka ba ta yarda a hau titi da ita ba. Ba ta fara aiki sosai sai zafinta ya kai wajen digiri 80 zuwa 100, watau kusa da zafin tafasar ruwa. Muddin tana da sanyi, tayar titi ta fi ta riƙe ƙasa. A wurare da yawa ma ba a barin mutum ya shiga fage da ita sai an ƙera wa motarsa kejin bututun ƙarfe daga ciki, saboda in ta kife.

Mai karatu zai ce, to, mene ne amfanin zane in shafaffiya ta fi kamu? Amsa ita ce ruwa. Zanen taya magudana ce. Yayin da taya ta hau ruwa, ta cikin kwarin zanen nan ruwan ke tserewa, roba ta sami taɓa kwalta. In babu zane, ko ya cinye, ruwa sai ya taru gaban taya ya ɗaga ta, mota ta koma kwalekwale, sitiyari ya yi sakayau a hannu. A busasshen wuri kuwa zane rage kamu ya ke yi, domin yana rage robar da ke taɓa ƙasa. Shi ya sa daga 1998 zuwa 2008 hukumar Formula 1 ta tilasta a yi wa tayoyin tsere tsagi da gangan, don a rage wa motocin gudu a kwana. A 2009 aka komo da shafaffu. Har wa yau, da an fara ruwa direbobin nan sai su garzaya a sauya musu da masu zane. Malamin Kibiya ba shi da ma'aikatan da za su tare shi a hanya su yi masa haka in hadari ya taso.

Yadda Masu Fage ke Zaɓe

Akwai ƙa'idodin da tsofaffin hannu ke koya wa sabon shiga, kuma kowace ɗaya tana da dalilinta.

Sukan ce sabon shiga ya fara da tayar titi. Ita takan yi ƙara, ta fara zamewa sannu-sannu, ta ba direba labari cewa ya kusa wuce iyaka. Mai danƙo kuwa takan riƙe har gudu ya yi nisa, ran da za ta saki sai ta saki gaba ɗaya, a lokacin da kuskure ba ya gyaruwa. Wanda bai iya hawan alfadari ba, ba a ba shi ingarma.

Sukan ce tayoyin huɗu su zama iri ɗaya. In na gaba sun fi na baya kamu, gindin mota zai juyo a kwana.

Sukan ce a dubi yanayin ranar. In ana sa ran ruwa, mai rabin zane ta zauna a gida.

Sukan ce a tuna da sauran kayan mota. Taya mai kamu sosai tana ɗora wa birki da ƙafafun mota wahalar da ba a ƙera su dominta ba, sai birki ya yi zafi ya daina kamawa.

Sukan ce kuma a ɗumama taya da zagaye ɗaya ko biyu kafin a taka mota, a sanyaya ta da zagaye ɗaya kafin a tsaya. Kowane zafi da sanyi da roba ta sha yana ƙara busar da ita. Saboda haka tayar fage tana iya mutuwa alhali da sauran zane a jikinta. Mai ita ya san ta ƙare, ya cire ya yar. Irin waɗannan ne wani lokaci ke shiga cikin kayan gwanjo su ƙetaro teku, a wanke su a shafe su da mai, su yi ƙyalli a kasuwa.

Duk ƙa'idodin nan abu guda su ke faɗi. Ba a tambayar wace taya ce ta fi kyau a duniya. Abin da a ke tambaya shi ne wace ce ta dace da wannan hanya, da wannan yanayi, da wannan mota, da wannan direba.

Abin da ya Faru a Indiyanafolis

Kada a zaci ƙananan mutane kaɗai wannan magana ta shafa. Ran 19 ga Yuni, 2005, aka shirya tseren Formula 1 a Indiyanafolis ta ƙasar Amurka. Motoci 20 ne za su shiga, 14 da tayoyin Michelin, 6 da na Bridgestone. A filin akwai wata kwana mai gangare wadda a ke shiga da matsanancin gudu, nauyin mota duk ya koma kan tayar baya ta hagu. Wajen gwaji tayar motar Ralf Schumacher ta fashe a nan, ya daki bango. Dokar shekarar kuwa ta hana a sauya taya a tsakiyar tsere. Injiniyoyin Michelin suka bincika, suka fito fili suka ce ba za su iya lamunce cewa tayoyin da suka kawo za su jure wannan kwana har ƙarshe ba.

Ranar tsere motocin nan 14 suka yi zagayen share fage suka koma rumfunansu. Motoci 6 kaɗai suka yi tseren, 'yan kallo suna ihu don haushi. Michael Schumacher ya zo na ɗaya. Daga baya kamfanin ya mayar wa mutane kuɗin tikitinsu. Tayoyin nan su ne suka yi ta cin gasa a sauran filaye cikin wannan shekara, amma wannan fili ɗaya bai karɓe su ba. Masu su suka zaɓi kunya a gaban duniya da su sa ran direba cikin hatsari. In manyan masana sun ja da baya saboda taya ba ta dace da hanya ba, mu me zai sa mu yi taurin kai?

Mu Komo Gida

Babu fagen tseren mota a Rano, babu a Kibiya. Abin da samari ke kira wasan mota, wanda a kan yi a kan titi ranar biki, jama'a na tsaitsaye a gefe ba shinge, bai haɗa komai da ranar fage ba, ganganci ne da rayukan mutane. Fagenmu na gaskiya shi ne hanyar da mu ke bi kullum zuwa ofis da makaranta da kasuwa, sai mu dube ta kamar yadda mai tsere ke duban filinsa.

Ƙasar Rano ƙasar duwatsu ce. Mai fita daga garin zuwa Kibiya, ko zuwa Rurum da madatsar ruwan Tiga wadda aka gama a 1974, zai hau kwalta. Amma da ya ratse zuwa ƙauyuka sai burji da tsakuwa da gargada. A watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa. Daga Yuni zuwa Satumba ga ruwa, ga taɓo, ga ramukan da ruwa ya rufe ba a ganin zurfinsu. Ga shanu, ga amalanke, ga yara 'yan makaranta. Motar malami kuma ba shi kaɗai ta ke ɗauka ba. Ranar Juma'a iyali ne, da kaka buhunan hatsi ne, tsakar dare kuwa ita ce ke kai mai naƙuda asibiti.

Irin wannan hanya tana son taya mai dogon gefe, domin gefen nan shi ne matashin da ke shanye dukan rami. Tana son cikakken zane saboda damina. Tana son roba mai jure zafi, da jiki mai ɗaukar kaya. Tayar fage ta saɓa wa kusan dukan waɗannan. Gajeren gefenta, wanda ke hana ta lanƙwasa a kwana, shi ne zai sa bakin rami ya matse ta da wili, ta yi ƙari ko ta tsage, wilin ma ya lotse.

Akwai wata irin kuma da ya kamata a yi hattara da ita, watau tayar ƙanƙara. An yi ta don ƙasashen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7, robarta mai taushi ce ƙwarai, bayanta cike da ƙananan tsagi kamar an yi mata zube da aska. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki. Zanenta yakan yi zurfi, ya ruɗi mai saye. A zafinmu kuwa tana cinyewa da sauri, kuma mota ba ta tsayawa da wuri in an taka birki.

Me ya sa irin waɗannan suka cika kasuwa? A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antun taya biyu a ƙasar nan, ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina ƙira a 2008. Daga nan aka dogara ga na waje, sababbi suka yi tsada, talaka ya koma ga 'yan Kwatano, ko da ya ke tsofaffin tayoyin mota sun daɗe cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su.

Karatun Gefen Taya

Abin farin ciki shi ne taya ba ta ɓoye asirinta. Duk labarinta a rubuce ya ke a gefenta, malami da akawu kuwa karatu ne sana'arsu. Ga misali, a ce an rubuta 195/65 R15 91H.

Lamba 195 faɗin taya ne da milimita. Lamba 65 tana nufin tsawon gefenta kashi 65 ne cikin 100 na faɗin, watau wajen milimita 127. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, wadda kamfanin Michelin ya ƙago a 1946, yau kusan kowace ƙaramar mota ita ta ke hawa. Lamba 15 faɗin wili ne da inci. Kwatanta da tayar motar gudu mai lamba 225/40 R18. Ita gefenta milimita 90 ne kurum. Bambancin milimita 37 ɗin nan shi ne tsakanin wucewa lafiya da kwana a bakin hanya.

Lamba 91 nauyin da taya za ta iya ɗauka ne. A jadawalin masu ƙira 91 tana nufin kilo 615, 88 kuma kilo 560. Mai niyyar ɗora wa motarsa buhuna ya lura da wannan, kada ya sayi wadda lambarta ta gaza abin da masu motar suka rubuta. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: S kilomita 180 a sa'a, T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. Wannan ba izini ba ne a yi gudun. Shaida ce ta yawan zafin da taya ta jure a ɗakin gwaji, tana sabuwa, da cikakkiyar iska.

A kan tayoyi da yawa, musamman waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, akwai wata lamba mai nuna daɗewar roba. Tayar titi takan nuna 300 ko 400 ko fiye, ta fage kuwa 200 ko ƙasa da haka. Kusa da ita akwai harafin jure zafi, A ko B ko C. Mai zama a ƙasarmu ya nemi A, in bai samu ba B.

A cikin kwarin zane kuma akwai waɗansu 'yan tuddai da aka gitta. Sabuwar taya zurfin zanenta wajen milimita 8 ne. Ran da ya cinye har ya yi daidai da 'yan tuddan nan, saura milimita 1.6, wanda shi ne iyakar da dokar Ingila da ƙasashen Turai ta yarda da ita. Mai hankali ba ya shiga damina da taya ta kusa kai wa nan.

Tsufa

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. A nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, a bi layin har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, watau wajen farkon Yuni. In lambobin uku ne kurum, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da sauran amfani sai a yanka a yi guga ko takalmi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan gargaɗi direbobi cewa shekara 4 ne ran taya daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce in taya ta kai shekara 5 a riƙa kai ta gwani ya duba kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta komai kyan zanenta, har da safaya. Da irin zafinmu, gara mutum ya karkata ga ƙaramin adadin.

Ran 30 ga Nuwamba, 2013, shahararren ɗan wasan silima na Amurka, Paul Walker, wanda ya yi suna da finafinan tseren mota, ya rasu tare da abokinsa da ke tuƙi a Kalifoniya, cikin mota ƙirar Porsche Carrera GT. Masu bincike suka ce gudu ne babban sanadi, suka kuma lura cewa tayoyin motar sun kai shekara 9. Mota ce ta miliyoyi wadda ba a cika hawa ba, amma ajiya ba ta hana robarta tsufa ba.

Maganar Iska

A nan ne aikin fage da na titi suka rabu, a nan kuma direbobinmu da yawa ke kuskure. Iska tana kumbura da zafi. Mai fage in ya fito daga zagaye sai ya sa geji nan take, ya tarar iskar ta hau sosai, ya rage ta zuwa awon da ya ke so tana da zafi. Amma kafin ya kama hanyar gida sai ya jira ta huce, ya mayar da iskar da ya cire.

A titi ba haka a ke yi ba. Da safe a ke auna iska, kafin mota ta yi tafiya. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, galibi tsakanin 30 da 35 a gejin masu faci ga ƙaramar mota. Babbar lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita a ke bi ba. Mun sha ganin direba da bazara ya tsaya ya sace iska, wai kada zafi ya fasa masa taya. Wannan shi ke jawo abin da ya ke gudu. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi daga ciki, har roba ta rabu da wayoyinta, ta tarwatse. Ƙarancin iska da yawan kaya da gudu, in suka haɗu a kwalta mai zafi, sai abin da hali ya yi.

In kuwa taya ta fashe ana cikin tafiya, kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe hanya, a sassauta totur sannu-sannu, sai gudu ya ragu a taɓa birki a sauka gefe. Ba mu manta da ran 6 ga Maris, 2016 ba, sa'ad da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu, da fashewar tayar baya, da birkin da aka danna bayan ta fashe. Abin da ya sami motar minista ba zai ji kunyar motar akawu ba.

Yadda Muka Rabu da Malamin

Mu komo gindin bishiyar nan ta Rano. Dattijo ya nuna wa malamin inda lambobi huɗun nan su ke, ya ce ya karanta da kansa tun da shi ne mai ilmin boko. Ya duƙa ya karanta, ya yi lissafi, ya tarar tayoyin sun ba shekara takwas baya. Ya yi shiru, domin kuɗin da ya zuba ba kaɗan ba ne ga mai albashi. Can ya ce, "To, Baba, yanzu mene ne abin yi? Kuɗin sababbi huɗu ya fi ƙarfina."

Dattijo ya ce, "Malam, araha ba ta ado. Ka mayar wa mai su, ko da ragi ne ka karɓa. Ka sayi sababbi biyu daidai lambar da ke jikin ƙofarka, in ɗaura maka su a baya. Cikin tsofaffinka mu zaɓi biyu masu dama-dama mu sa a gaba, ka riƙa tafiya a hankali. In an yi albashi biyu ka cike sauran."

Wannan shawara ta sa sababbi a baya daidai ta ke da abin da kamfanonin taya ke faɗi, ko da injin motar ƙafafun gaba ya ke ja. In gaba ya zame direba yana ji a hannunsa, yana iya sassautawa. In baya ya zame a jiƙaƙƙiyar kwalta, mota juyawa ta ke yi kafin ya farga.

Malamin ya mayar da tayoyinsa cikin mota, ya yi godiya. Mu kuma aka gama mana faci, muka biya, muka kama hanyar Kibiya. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan, gobe da safe kafin ya ta da mota, ya duƙa ya karanta gefen tayoyinsa huɗu da safaya, ya sa a auna masa iska, sa'an nan ya koya wa maƙwabcinsa da direban da ke kai 'ya'yansa makaranta yadda a ke karatun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya.